Kotu Ba Ta Ganinki

Litinin, da azahar, cikin mota

Yau ma ba a kira mu ba.

A nan zan rubuta, don in na faɗa a gida Baban yara zai ce in sha ruwa in kwanta, ni kuwa ba ƙishirwa ke damuna ba.

Shekara ashirin da biyu ina sa baƙar rigar nan. A aikinmu akwai ƙa'ida: wanda ya riga shiga aiki shi ke zama a bencin gaba, ƙararsa ake fara kira. Yau duk kotun babu wanda ya girme ni a aiki sai wani tsoho da ya zo gyangyaɗi. Amma Magatakarda ya kira ta wannan, ya kira ta wancan, ya kira ta yaran da aka yaye bara, har alƙali ya dubi agogo ya tattara rigarsa ya tashi. Takardar neman belin Mai Guga tana can ƙasan tari.

Mai Guga ita ke guga a ɗakin wankin otal ɗin da ya ƙone. Mutum biyu suka mutu. Ma'aikata da yawa ke shiga ɗakin wankin nan, ita kaɗai ce 'yar tsallake, ita kaɗai aka kama. Cikinta wata bakwai. Ban ce a wanke ta ba tukuna. Beli kawai nake nema, ta haihu a gadon asibiti, ba a kan simintin gidan yari ba.

'Yan tsallake. Haka suke kiranmu, wai kakanninmu sun haye kogi suka zo. A asibitin da ke bayan kotun nan aka haife ni, a nan aka haifi uwata. Har yau ba mu gama tsallakowa ba.

Talata, da safe

Ƙusa ta uku daga ƙofa, a ɗakin da lauyoyi ke sa riga, ita ce tawa. Ba a rubuce yake ba, amma kowa ya sani. Ina rataye jaka wani sabon lauya, farar kwalar wuyansa har ƙara take don sabunta, ya miƙo min fayil.

"Mama, ke ce tafintar? Oga ya ce ki jira a waje."

Na ce, "Ɗana, ranar da na fara tsayawa gaban alƙali kana bayan uwarka kana tsotsar yatsa. Je ka ce wa ogan naka ya zo da kansa in fassara masa doka, na ga alama yana buƙata."

Da can da an kwashe da dariya. Yau ko tari babu wanda ya yi. Kowa ya duƙufa kan igiyar takalminsa.

Tambayar nan tare muka tsufa. Ke ce tafintar? Ke ce matar wanda ake tuhuma? Ke kika kawo shayi? A shekarata ta farko wani alƙali ya ce in taimaka in fassara wa wata tsohuwa, tunda "yarenku ne". Na fassara. Wata shida ana nemana a kowace kotu, ba don shari'a ba. Ranar da na farga na yi wa kaina alkawari: bakin nan ba zai sake fassara ko "ina kwana" a gaban kotu ba. Ban taɓa saɓawa ba.

Tafintan yarenmu na gaskiya, wani dattijo mai tari, tun ranar gobarar ba a sake ganinsa ba. An ce ya rufe gida. Ba wanda ya tambayi ina ya nufa.

Laraba, da la'asar

Na je gidan yari. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, jan sa take yi. Na tambayi ganduroba ko an auna jininta, ta ce abin awon ya lalace. Na ce tun yaushe, ta ce tun kafin ta fara aiki.

Mai Guga ba ta jin yaren gari sai ɗan na ciniki, don haka da namu muke magana. Ina yi mata bayanin beli, ita kuwa idonta na kan wuyana. Ashe ban cire kwalar kotu ba.

"Yaya, wa ya goge miki wannan?"

"Ni."

"Kin cuce ta. Kin ƙona gefe, kin bar tsakiya da danshi. Ke dai ki riƙe littattafanki."

Ta yi dariya har ta dafe ciki. Sai ta daina. Ta ce ɗan ba ya motsi kamar da. Na ce barci yake. Ni da ban san komai a kan wannan ba sai abin da haihuwa biyu ta koya min, na ce barci yake, da irin muryar da nake cewa, "Ya Mai Shari'a, doka a bayyane take."

Alhamis, da hantsi

An kira mu. Na miƙe, na faɗi sunana da wadda nake tsaya wa. Alƙalin nan sabo ne, bayan gobarar aka kawo shi daga wata kotu. Dogo, mai sanyin murya, irin waɗanda ko zaginka za su yi sai sun ce don Allah. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kotu ba ta ganinki."

Wanda ba lauya ba ba zai san nauyin maganar nan ba. In alƙali ya ga aibu a shigar lauya, ba ya cewa je ki gyara. Cewa yake kotu ba ta ganinki. Daga nan ba ki da baki. Ko kin yi magana ba za a rubuta ba, kamar iska ce ta kaɗa labule. Sai ki zauna. A makaranta da dariya aka koya mana wannan, ana ba da labarin wani da ya zo da jan takalmi. Tunda na fara aiki sau ɗaya na ga an yi wa wani, shi ma a buge ya zo.

Na ce, "Ya Mai Shari'a, ko zan iya sanin..."

Ya taɓa wuyansa da yatsa ɗaya. Kwala.

An ɗage zuwa Litinin. Mai Guga tana cikin akwatin waɗanda ake tuhuma tana kallona, ba ta san me aka ce ba. Ta ga dai na miƙe, ta ga na zauna.

Alhamis, da yamma

Na ɗaga kwalar a hasken taga. Gefen ya ɗan yi ja, gaskiya ne. Wanda ke kusa da ni a benci akwai ɗigon miya a tasa. Kotu ta gan shi sarai, har ta tambaye shi jikin mahaifinsa.

Asabar, da safe

Inna, uwar Mai Guga, ta zo ofis. A bakin kotu ta ji abin da ya faru. Ta ce, "Kawo, 'yata. In dai farin ƙyalle ne ya tsare min yarinya, ai an zo gidanmu." Ta tafi da kwalar, ta dawo da ita a naɗe cikin takarda, fara fat, a miƙe kamar an sassaƙa ta. Ta ce ita ta koya wa 'yarta guga, tun sai an sa mata abin takawa kafin ta kai tebur.

Na tambaye ta unguwa. Ta ce lafiya. Sai ta ce mai shagon bakin titi ya daina amsa musu sallama. Sai ta sake cewa lafiya.

Litinin, da hantsi

'Yan kunne.

Ɗigo biyu na azurfa, ba su kai ƙwayar hatsi ba. Da su a kunnena na yi rantsuwar kama aiki. Alƙali ya taɓa kunnensa. An ɗage zuwa Alhamis.

Litinin, da la'asar

Na karanta ƙa'idar shigar lauyoyi daga farko har ƙarshe, a tsaye, a laburaren kotu. Shafi ɗaya da rabi ce. Babu kunne a ciki. Akwai dai jimlar ƙarshe: "da duk abin da kotu ta ga ya dace." Duk littattafan da na karanta a rayuwata, na shari'a da na tarihi da na ƙagaggun labarai, abu ɗaya suka koya min: kada dogon sashe ya ba ka tsoro, ka ji tsoron ɗan gajeren nan na ƙarshe.

A fitowata na haɗu da Ƙanwata a matakala. Ba ƙanwata ba ce ta jini. Ita ce ɗaya 'yar tsallaken da ke sa baƙar riga a garin nan, ni na ɗauke ta aiki lokacin da duk ofishin da ta je aka ce ba gurbi. Na gaishe ta da yarenmu kamar kullum. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta amsa da yaren gari, da ƙarfi: "Lafiya lau, ranki ya daɗe." Ta wuce.

Ban ga laifinta ba. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, tana shafa wa nata ruwa.

Na ga laifinta.

Laraba, da yamma

Baban yara ya rufe shagon maganinsa da wuri, ya tsayar da ni gaban madubi ya yi min binciken kwastan. Kwala ta Inna ce. Kunne babu komai. Zobe na cire, har na aure. Takalmi baƙi, safa baƙa, agogo cikin jaka. Ya zagaya ni da tabaransa na karanta rubutun likitoci.

Na ce, "Saura me?"

"Saura fuska. Ita kam ba ni da maganinta a shago."

Muka yi dariya. Ya daɗe yana riƙe da zoben a tafin hannunsa.

Alhamis

Na faɗi abin da na faɗa.

Alhamis, da yamma

Bai taɓa wuya ba, bai taɓa kunne ba. Bai taɓa komai ba. Cewa kawai ya yi kotu ba ta ganina. Na tambayi dalili, ya ce lauya mai shekaruna ta san abin da ya kamata. Daga nan ne.

Ba zan rubuta ba. Magatakarda ya rubuta, na ga hannunsa yana gudu. Ashe kotun da ba ta ganina kunnenta ƙalau.

An ɗage mako biyu.

Juma'a, da safe

Wani ya rataye tsumman goge ƙasa a ƙusa ta uku. Jiƙaƙƙe. Rigar da nake bari a can tana ƙasa, an ninke ta da kyau. Ninkin ne ya fi ba ni tsoro. Mai fushi ba ya tsayawa ninki.

Lahadi, da rana

Ban fita ba. Na wanke labulayen gidan duka. Ba su yi datti ba.

Litinin, da azahar

Ɗan Gata ya zo ofis. Ajinmu ɗaya a makarantar lauyoyi, bayana yake zama, rabin abin da ya rubuta a jarrabawa ta saman kafaɗata ya hango shi. Babansa alƙali ne, kakansa alƙali ne, shi kuma mutumin kirki ne, wannan ne abin haushin. Ya haye kan teburina ya zauna, ya shanye min shayi.

"Malamata, ke ma dai. A ce wa alƙali ya je asibitin ido?"

"Har kwatance na yi masa."

"Kin ce likitar 'yar tsallake ce, ya daure ya bari ta taɓa shi!" Ya yi dariya har da hawaye. Sai ya goge ido. "Wannan rabin kowa na maimaita shi a ɗakin shayi. Ɗaya rabin, wanda kika faɗa kan gobarar, ba mai maimaitawa. Kin gane?"

Na gane.

Ya ce in ba shi fayil ɗin. In cire sunana ya sa nasa, ya karanta abin da na rubuta, ko wasali ba zai ƙara ba. "Kafin ki gyara zama an gama, Malamata. Mutumin nan har gida yake zuwa gaishe da babana."

Na ce in na ba shi wannan, gobe wace ƙara zan riƙe? Duk wanda ya shigo ofishin nan zai san 'yar tsallake rubutu ake ɗaukarta ta yi, a nemo ɗan gari ya yi magana. Duk ƙuruciyata a kan rushe wannan ta ƙare.

Ya ce, "To, yarinyar fa?"

Na ce ya sauka daga kan teburina.

Talata, da safe

Takarda daga kwamitin ladabtarwa na ƙungiyar lauyoyi. Rashin ladabi ga kotu, da "kalaman da ka iya tada hankalin jama'a". Za su zauna ƙarshen wata. Mutum biyar ne. Uku na taɓa kayar da su a shari'a. Na huɗu shi ya taɓa tambayata ko ni na kawo shayi. Na biyar shi ne tsohon nan mai gyangyaɗi, a kansa duk fatana yake.

Laraba, da la'asar

Mutum biyu cikin waɗanda nake tsaya wa sun karɓe fayil ɗinsu. Ɗaya ya ce matarsa ce ta matsa. Ɗaya direba ya aiko.

Akwai wata farar mota da ke tsayawa gaban shagon Baban yara tun shekaranjiya. Ba mai fitowa, ba mai shiga. Ya ce wataƙila wani suke jira. Na ce ai kuwa.

Alhamis, da hantsi

Gidan yari. Ba a fito da ita ba. Ganduroba ta ce jiri ya kwashe ta a wurin ɗiban ruwa, tana kwance. Na ce a kai ta asibiti. Ta ce sai da umarnin kotu. Na ce kotu ba ta ganina. Ta dube ni kamar na zare.

Ta ce fuskar ma ta kumbura, wai kuma tana ganin ƙyalli-ƙyalli. Na kira Baban yara na tambaye shi me wannan ke nufi. Cewa kawai ya yi a kai ta asibiti yau. Mutumin da ko ciwon kai ka ce masa kana yi sai ya yi maka lacca.

Juma'a, da safe

Inna ta zo. A ƙasa ta zauna kusa da ƙofa, na yi na yi ta hau kujera ta ƙi. Yau ba ta ce min 'yata ba.

"Lauya, an ce akwai wani ɗan gari da ya ce zai karɓa."

Ban tambayi wa ya gaya mata ba.

Na shiga yi mata bayani. Na ce abin da alƙalin nan ke yi ba doka ba ce. Na ce na rubuta ƙorafi zuwa sama, in aka bi hanya za a sauya mana kotu. Na ce in muka sunkuya yau, gobe ko 'yar wa ta sa baƙar riga haka za a yi mata. Na yi magana mai kyau. Da a kotu ne da an yaba.

Ta bari na gama.

"Hanyar nan da za a bi, wata nawa ce?"

"Biyu. Ko uku."

"Cikin wata takwas ne." Ta gyara zama. "Ranar da aka kama ta, mutanen unguwa suka ce in je wurin ɗan gari. Na ce a'a, muna da tamu. Na ce tamu ta fi su duka. Ranar da aka sa miki rigar nan har guɗa na yi a bakin titi, ban ko san uwarki ba. Don ke tamu ce na zo. Yanzu don ke tamu ce yarinyata ke kwana a ciki."

Na ce, "Inna, ba ni na kulle ta ba."

"Na sani. Shi wancan alƙalin ban san hanyar gidansa ba. Naki na sani."

Da za ta fita ta juyo. "Kwalar ta yi?"

Na ce ta yi.

Juma'a, da la'asar

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Tun safe nake faɗa wa kaina wannan. Bai yi min komai ba, don tana da gaskiya. Ni ma ina da gaskiya. Tawa tana iya jiran wata uku.

Asabar, da hantsi

Na kai wa Ɗan Gata fayil ɗin da kaina. Na ja layi ƙarƙashin duk inda zai tsaya ya numfasa. Na rubuta masa a gefe yadda ake faɗin sunanta. Ya ce, "Malamata..." Na ce in ya kuskura ya ce min sannu sai ya nemi sababbin haƙora.

Ya sa an matso da ranar daga Alhamis zuwa Talata. Da waya ɗaya. Ina tsaye.

Litinin

Na ɗauko rigata daga ɗakin sa riga. Tsumman yana nan. Ya bushe.

Talata, da azahar

Na zauna a baya cikin jama'a, da kayan gida. Ban taɓa ganin kotun daga nan ba. Bencin ya fi tauri, iskar fanka ba ta kawowa. Inna tana gefena.

Ƙararmu aka fara kira. Aka shigo da Mai Guga, ganduroba biyu na riƙe da ita. Ban gane fuskar ba sai da na ga tana nemana da ido a bencin gaba.

Ɗan Gata ya karanta. Ya numfasa inda na ja layi. Sunan ne kawai ya kwafsa. Lauyan gwamnati ya ce ba ya ja. Alƙali ya gyaɗa kai, ya ce hujja ce mai tsari, ya yaba wa lauya. Sannan ya ce kafin ya ba da beli sai an karanta wa wadda ake tuhuma sharuɗɗa, ta ce ta fahimta da bakinta. Nan kam gaskiyarsa, haka ake yi.

Magatakarda ya karanta. Ta dube shi. Ya sake karantawa da ƙarfi, sai ka ce kurma ce.

Alƙali ya ce, "Ina tafinta?"

"Ya Mai Shari'a, ba mu da shi tun..." Magatakarda bai ƙarasa ba. "Sai an rubuta an aiko da wani. Mako uku, in an yi sauri."

Alƙali ya ɗauki alƙalami zai sa rana. Sai ya dakata. Ya ɗaga kai ya dubi bayan kotu ta saman tabarau, a hankali, benci bayan benci, kamar mai neman baƙonsa a tasha.

"Ko akwai mai jin yarensu a cikin jama'a?"

Rabin waɗanda ke zaune namu ne, amma tsofaffi ne irin Inna. Masu jin yaren gari sosai sun daina zuwa kotu. Ɗan Gata bai juyo ba, na ga bayan wuyansa ya jiƙe. Inna ba ta dube ni ba. Hannunta kawai ta ɗora a gwiwata, ba ta ko matsa ba.

Na miƙe.

"Yauwa," in ji shi. "Matso, Mama. Kotu ta gode."

Bai kamata wadda ta taɓa tsaya wa mutum ta koma tafintarsa ba. Alƙali ya sani, lauyan gwamnati ya sani, duk baƙaƙen rigunan nan sun sani. Ba wanda ya miƙe. Magatakarda ya miƙo min takardar rantsuwa, ya tambaye ni sunana. Ya tambaye ni yadda ake rubuta shi.

Na fassara. Ba za ta bar gari ba. Za ta zo duk ranar da aka kira. Mutum biyu za su tsaya mata. Ban ƙara ba, ban rage ba, aikin ya fita tsaf, ni ba na aikin banza. Da na gama ta ce da yarenmu, a hankali, "Yaya, ina rigarki?"

Alƙali ya ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ta fahimta, ya Mai Shari'a."

An ba da beli.

Laraba, da yamma

An yi wa Mai Guga aiki. Mace. Ƙarama ƙwarai, tana cikin kwalba, amma tana numfashi. Likita ta ce da an ƙara kwana biyu. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Kwana biyun da Ɗan Gata ya sayo mana da waya ɗaya ke nan. Kwanakin da fayil ɗin ya yi a teburina bayan na ce masa ya sauka, ba zan ƙirga ba.

Inna ta ce min 'yata.

Alhamis, da safe

Farar motar tana nan. Kwamiti ranar Litinin.

Magatakarda ya kira ni a waya, da fara'arsa, abin da bai taɓa yi ba. Wai Mai Shari'a ya ji daɗin aikina. Wai akwai 'yan unguwarmu da aka kwaso makon jiya, ƙararrakinsu na tsaye saboda rashin tafinta, in ba a samu ba sai bayan hutun kotu. Wai ko zan samu zuwa gobe. Ya ce ba sai na sa riga ba.

Na tambaye shi ko akwai mata a cikinsu. Ya ce huɗu.

Na ce, "Ƙarfe nawa?"